Kwalaben Miller da Neman Asalin Rai a Ɗakin Gwaji

A ranar 15 ga watan Mayu, 1953, mujallar kimiyya ta Amurka mai suna Science ta buga wata 'yar maƙala mai shafi biyu kacal. Marubucinta ɗalibi ne ɗan shekara 23 a Jami'ar Shikago, mai suna Stanley Miller. Tun daga lokacin ake ba da labarin wannan aiki kamar an ƙera rai a cikin kwalba, alhali kallon kitse ake yi wa rogo. Mu da muke rubutu don jama'a ya kamata mu san ainihin abin da ya faru.

Tunanin ya girmi Miller. A 1924 wani masanin sinadarai ɗan Rasha, Alexander Oparin, ya fitar da ƙaramin littafi a Mosko, inda ya kawo hasashen cewa a farkon duniya, lokacin da babu iskar oksijin a sararin sama, ƙananan sinadarai sun riƙa haɗuwa a cikin teku har suka zama manya. A 1929 J.B.S. Haldane na Ingila ya faɗi kusan haka ba tare da ya san aikin Oparin ba, har ya kamanta tekun wancan zamani da romo mai zafi. To amma duk magana ce a takarda.

Malamin Miller shi ne Harold Urey, wanda ya ci kyautar Nobel a 1934. Da farko bai so ɗalibinsa ya shiga wannan gwaji ba, don gudun kada yaron ya ɓata shekarunsa a banza, amma daga baya ya ba shi ɗan lokaci ya gwada. Miller ya haɗa tuluna biyu na gilashi da bututu. A na ƙasa ya zuba ruwa yana tafasa shi, wato teku ke nan. A na sama akwai iskar metan da amoniya da haidurojin, wato sararin sama, sannan ya riƙa sakin tartsatsin lantarki a ciki a madadin walƙiya. Kwana ɗaya ruwan ya soma sauya launi, kafin mako ya cika ya yi ja ya gurɓace. Da ya bincika sai ya sami amino asid, irin su gilaisin da alanin, waɗanda su ne tubalan da jikin kowane mai rai yake gina furotin da su. Abin yabo a nan shi ne Urey ya ƙi a sa sunansa a maƙalar, domin ya san idan sunansa ya fito ba wanda zai tuna da ɗalibin. Ba kowane malami ne zai iya haka ba.

Daga baya masana duwatsu suka kawo suka mai ƙarfi. Suka ce sararin saman farko ya fi yawan iskar kabon da naitirojin, kuma a irin wannan iska gwajin ba ya ba da sakamako mai yawa. Sai dai labarin bai ƙare nan ba. Bayan rasuwar Miller a 2007, tsohon ɗalibinsa Jeffrey Bada ya gaji wasu kwalaye, a ciki har da ƙananan kwalabe masu busasshen sauran gwaje-gwajen shekarun 1950, kowace da shaidarta a rubuce. Aka sake auna su da na'urorin zamani, kuma a 2008 aka bayyana cewa wani gwaji da Miller ya yi na kwaikwayon tururin dutse mai aman wuta ya samar da amino asid iri 22. Fiye da shekara hamsin suna ajiye, mai su bai san yawan abin da ya samu ba.

Amma fa tara tubali daban, gina ɗaki daban. Ƙwayar halitta, wato ɗan mitsitsin ɗakin da jikin mai rai yake ginuwa da shi, tana buƙatar fatar da za ta raba cikinta da waje. In babu wannan fata, duk sinadarin da ya haɗu sai ruwa ya watsa shi. A nan ne bincike ya koma kan abin da za mu kira ƙwayar share fage, wato jakar da ba ta da rai amma tana kama da mai rai. A 1969 wani dutse ya faɗo daga sama kusa da garin Murchison a Ostareliya, aka sami amino asid a cikinsa. A 1985 David Deamer ya nuna cewa wasu sinadarai masu maiƙo da aka tatso daga dutsen, idan suka haɗu da ruwa, da kansu suke naɗewa su zama 'yan jakunkuna. Dalili kuwa shi ne kowane ɗayansu gefe guda yana son ruwa, ɗaya gefen yana gudunsa, kamar dai yadda sabulu yake. A 2003 Jack Szostak da abokan aikinsa suka gano cewa wani irin yumɓu yana hanzarta haɗuwar jakunkunan, kuma ana iya sa su girma su rabu. Duk da haka ba wadda ta rayu.

Wasu kuma suka ɓullo ta ɗaya ɓangaren, suka fara daga mai rai suna ragewa. A 2010 cibiyar Craig Venter a Amurka ta harhaɗa dukkan sinadarin gado na DNA na wata ƙwayar bakteriya a ɗakin gwaji, ta dasa shi a cikin ƙwayar wata bakteriyar, ta kuwa ci gaba da hayayyafa. Mai karatu ya lura, jikin da aka dasa a ciki na aro ne, kuma tsarin da aka harhaɗa kwafi ne na abin da yake akwai tun can. Wani abin da zai ba 'yan'uwa marubuta dariya shi ne, a cikin DNA ɗin sun ɓoye wata jimla daga littafin James Joyce a matsayin shaidar aikinsu, sai ga wasiƙa daga masu kula da haƙƙin mallakar Joyce cewa ba a nemi izininsu ba.

A 2016 cibiyar ta rage ƙwayar har ta koma tana da ƙwayoyin gado 473, abin da ya gaza na kowace halitta da aka sani mai iya hayayyafa da kanta. Daga cikinsu akwai 149 da masu aikin suka ce a lokacin ba su san amfaninsu ba, ga shi kuma da yawa daga ciki idan aka cire su ƙwayar ba ta rayuwa.