Rawar allurar kamfas, daga zamanin Tanimun zuwa Zariya

Idan muna koya wa yara tarihin Damagaram, Sarki Tanimun ne kan gaba: ganuwar Birni, igwa da aka ƙera a Zinder, fataken da ke ratsa Sahara zuwa Tarabulus. A zamaninsa, farkon Satumbar 1859, Rana ta watso wa duniya wata babbar guguwa. Hasken da aka saba gani a ƙuryar arewa, wanda Turawa ke kira orora, ya sauko har Kyuba, wayoyin tangaraho a Turai da Amurka suka yi ta tartsatsi.

Irin wannan gagarumar ba ta cika zuwa ba, amma ƙananan 'yan'uwanta kusan kullum suna faruwa. Iskar Rana takan ja maganaɗisun duniya ya yi dogon wutsiya ta ɓangaren dare. Ƙarfi ya taru a wutsiyar har ya kuɓuce, sai ƙwayoyin lantarki su zubo kamar ruwan sama a yankin ƙuryar arewa da ta kudu, su bugi iska a tsayin kilomita 100 ko fiye, iskar ta yi haske. Wani masani ɗan Japan, Syun-Ichi Akasofu, ya tsara matakan abin a 1964.

Hasken bai saba zuwa Zinder ba. Abin da ke iso mu shi ne girgiza. Daidai lokacin da ƙarfin ya kuɓuce, maganaɗisun duniya yakan yi rawa, kowane kaɗawa daƙiƙa 40 zuwa 150, na'ura mai kaifin ji takan kama ta har a ƙasashen zafi. Mu kuwa wurinmu na daban ne, domin layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya, kudu da Damagaram. Da rana wani kogin lantarki yana gudana a samansa, yana kuma ƙara wa girgizar ƙarfi.

Shi ya sa ba na yarda in malami ya tsallake wannan babi, wai ilimin mutanen ƙanƙara ne. Masana sun biyo wannan layi har ƙasar Hausa. Rosemary Hutton, 'yar Sikotilan, ta fara aunawa a Jami'ar Gana, a 1963 ta koma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tana koyar da kimiyyar lissafi da lantarki, tana nazarin yadda maganaɗisu ke sauyawa a wannan yanki. Daga baya ta wuce Ibadan, sannan Edinbara a 1969.