Dalar Gyada da Lissafin Dako: Abin da Tarihi Ke Faɗa wa Ɗan Kasuwar Fagam

A zukatan mutanen Arewa, dalar gyada ta Kano alama ce ta zamanin wadata. Ana buga hotonta a littattafan makaranta, 'yan siyasa kuma kan yi alkawarin dawo da ita duk lokacin kamfe. Gaskiya ne buhunan nan sun nuna irin ƙoƙarin manoman ƙasar Kano, har da na gundumomin Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a wancan zamani suke ƙarƙashin masarautar Kano. Amma wanda ya dubi dalar da idon mai lissafin kasuwanci zai ga wani abu daban, wato kayan da aka riga aka biya kuɗinsu suna zaune a fili suna jiran jirgi. Dala layin jira ce, kuma tsayinta ma'auni ne na yadda saye ya fi ƙarfin dako.

Labarin ya fara ne da layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jigilar kaya a 1912. Turawan mulkin mallaka auduga suke hari, domin masaƙun Lankasha na neman wata majiya ban da Amurka, kuma tun 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Birtaniya don wannan buƙata. Sai manomi ya yi nasa lissafin. Auduga na cin aiki, kuma masaƙan gida na biyan farashin da Bature ba ya iya kaiwa. Ita kuwa gyada tana son jigawa, ana shuka ta tare da gero da dawa, idan kasuwa ta ƙi kuma a cinye ta a gida. A 1913 gyadar da Nijeriya ta fitar ta kai kusan tan 19,000, bayan shekara guda kafin haka ba ta kai tan 3,000 ba. Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn, a littafinsa na 1978 kan asalin cinikin gyada, ya nuna cewa manoma da fataken Kano ne suka yanke wannan hukunci, saɓanin abin da gwamnati ta tsara.

Tun daga kakar farko matsalar ta bayyana. Ana cire gyada a Oktoba da Nuwamba, ciniki ya kankama cikin 'yan watannin rani, alhali jirgi yana jan abin da zai iya ne kawai a kowane mako, a kan layi guda mai tsawon fiye da kilomita 1,100 zuwa Legas. Kafin a kammala gadar Jebba a 1916, sai an tsallakar da taragu ta kogin Kwara a kan jirgin fito. Kayan da ke shigowa cikin wata huɗu, hanyar fita kuma na buƙatar shekara, dole su taru a wani wuri. A nan hikimar dala take. An tsara buhuna yadda ba za su rushe ba, dala ɗaya kan ɗauki buhu har 15,000, a lulluɓe ta da tamfol ruwa ya gangare, ba tare da an kashe kuɗin gina sito ba. Sunan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ya fi shahara a wannan sana'a, tare da ɗimbin wakilai da 'yan baranda da ke saye a ƙauyuka.

Ga garuruwa irin su Fagam, lissafin yana da ƙarin mataki. Reshen layin dogo da ya kai Nguru a 1930 ya bi ta Ringim da Malam Madori ne, can arewa, bai taɓa kudancin ƙasar da ta zama Jigawa a 1991 ba. Gyadar wannan yanki sai ta hau jaki ko raƙumi, daga baya mota, kafin ta ga tasha. Farashin da ake ambata na Kano ne, manomin nesa kuwa yakan karɓi abin da ya rage bayan an cire kuɗin dako. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba, kuma ga buhun gyada isa Kano ma ba isa kasuwa ba ne, domin mai saye na gaske yana bayan teku.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ta'azzara. Kawunan jirage da taragu sun tsufa a lokacin yaƙi, sababbi ba su samu da wuri ba, har gyadar sabuwar kaka ta riƙa tarar da ta bara a fili. Ƙwari suka shiga buhuna, maganar ta kai zauren majalisar dokokin Birtaniya. Abin ban takaici shi ne a daidai waɗannan shekaru, Birtaniya, wadda ke fama da ƙarancin man girki, ta fara wani gagarumin shiri a 1947 na share daji a Tanganyika don noman gyada da injina. An watsar da shirin a 1951 bayan an yi asarar sama da fam miliyan 30. An zuba kuɗi wajen ƙara noma, alhali gyadar da aka riga aka noma tana jibge a Kano don rashin abin ɗauka.

A cikin waɗannan shekarun ne ake haihuwar ilimin da ya ba wannan kuskure suna. A 1939 wani matashin masanin lissafi a Leningrad, Leonid Kantorovich, ya wallafa hanyar raba aiki tsakanin injinan masana'antar katako yadda za a sami mafi yawan amfani. A 1941 Frank Hitchcock a Amurka ya rubuta abin da ake kira matsalar dako: ga wuraren da kaya suke, ga wuraren da ake buƙatarsu, ga kuɗin kowace hanya, wane rabo ne zai fi sauƙin kuɗi gaba ɗaya? Tjalling Koopmans, ɗan asalin Holan, ya ci karo da tambaya iri ɗaya a lokacin yaƙi, yana neman rage tafiyar da jiragen ruwan ƙawance ke yi babu kaya. A 1947 George Dantzig, yana aiki da rundunar sojan saman Amurka, ya fito da dabarar Simplex, wadda ke warware irin waɗannan tambayoyi mataki-mataki. Kantorovich da Koopmans sun raba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975. Wannan fanni, da ake kira nazarin gudanar da ayyuka, ya shiga kamfanoni a shekarun 1950, matatun mai na cikin na farko da suka rungume shi.

Tsarin tunaninsa mai sauƙi ne. Da farko a fayyace manufa guda, ko rage kashe kuɗi ko ƙara riba. Sai a jera abubuwan da suke hannun mai yanke hukunci, sannan a jera iyakokin da ba ya iya tsallakewa, kamar jari da sito da mota da lokaci. Babban abin da lissafin ke fitarwa, ban da amsar kanta, shi ne darajar kowace iyaka, wato nawa riba za ta ƙaru idan aka sassauta ta da ɗan kaɗan. Masana na kiran wannan ɓoyayyen farashi. Iyakar da ba ta matse ba, ɓoyayyen farashinta sifiri ne. A Kano ta ƙarshen shekarun 1940, ƙarin tan guda na gyada ba ya ƙara ko buhu ɗaya a abin da ke isa Legas, amma ƙarin tarago guda yana ƙarawa nan take. Wanda ya fahimci haka ya san inda ya kamata fam ɗin farko ya tafi.

Ga ƙaramin misali, da alƙaluman da aka ƙaga don bayani kawai. Wani ɗan kasuwa yana da buhun riɗi 100 a Fagam da 100 a Birnin Kudu, kuma ya yi alkawarin kai 100 Dutse, 100 kuma kasuwar Dawanau. A ce dakon buhu daga Birnin Kudu zuwa Dutse naira 500 ne, zuwa Dawanau 1,000. Daga Fagam zuwa Dutse 900, zuwa Dawanau 2,000. Hankali zai fara karkata ga hanya mafi araha, wato a kai na Birnin Kudu Dutse. Amma yin haka ya tilasta wa na Fagam bin hanya mafi tsada, jimilla ta zama naira 250,000. Idan aka juya, na Birnin Kudu ya tafi Dawanau, na Fagam ya tafi Dutse, jimilla 190,000 ce. An bar hanya mafi araha gaba ɗaya, amma an tsira da naira 60,000. Da wurare biyu ana iya yin wannan da ka. Idan wuraren saye sun kai ashirin, masu karɓa goma, motoci kuma iri-iri, yawan zaɓin ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar kowane gwani, kuma a nan dabarar Dantzig ke aiki. Yau tana cikin manhajar Excel da ke kan kwamfutar kusan kowane akawu.

Dalolin sun ɓace ne saboda dalilai da suka taru. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar Fatakwal, farin farkon shekarun 1970 ya biyo baya, annobar cutar gyada ta 1975 ta karya manoma, kamfanonin matsar mai na gida suka riƙa cinye abin da aka samu, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya. Tun daga lokacin, lissafin da hukuma ke yi a da ya koma wuyan ɗan kasuwa shi kaɗai.

Kayan sun sauya, riɗi da zoɓo da shinkafa sun ɗauki gurbin gyada a kasuwanni irin ta Sara, amma sigar matsalar ba ta sauya ba. Amfani na shigowa lokaci guda, jari na ƙarewa, sito na cika, mota na dawowa babu kaya. Kowace kaka ɗaya daga cikin waɗannan ce ke riƙe da sauran, kuma ba lalle ta zama wadda ta riƙe bara ba. Ƙungiyar manoman da ta ci bashi ta ƙara fili alhali rashin ma'aji ne ke sa ta sayarwa da araha a lokacin kaka, ko gwamnatin da ta raba taki ta bar hanyar da motar ɗaukar amfanin ba ta iya bi da damina, duk suna maimaita kuskuren Tanganyika a ƙaramin ma'auni.

Lissafi ba ya maye gurbin sanin kasuwa. Ba ya sanin direban da za a amince wa, ko dillalin da ke cika alkawari, kuma idan aka ba shi alƙaluman ƙarya zai mayar da amsar ƙarya cikin tsari mai kyau. Saboda haka matakin farko ga ɗan kasuwar Fagam ko jami'in da ke tsara masa shiri shi ne littafin rubutu: nawa aka saya, kwana nawa ya zauna, nawa ya lalace, nawa dako ya ci a kowace hanya. Daga waɗannan alƙaluma ne za a gane inda kaya ke tsayawa, kuma a nan ya kamata a fara kashe kuɗi kafin a ƙara buhu ko ɗaya.