Bango Ɗaya, Gida Biyu

A shekarar 1666 gobara ta cinye gidaje fiye da 13,000 a birnin Landan. Da aka zo sake gini, hukuma ta ce bangon da ke tsakanin gida da gida a yi shi da tubali ko dutse. To, bango ɗaya, masu shi biyu, ba a rasa rigima. Daga baya doka ta ɗora wa masu safiyo raba gardamar. A 1974 suka kafa ƙungiya mai suna Piramus da Tisbi, wato masoyan nan na tatsuniya masu zance ta tsagar bango. Da taimakonta aka yi dokar 1996, wadda ta game Ingila da Wales. Yanzu mai son ƙara wa bangon tsawo sai ya sanar da maƙwabcinsa a rubuce, wata 2 kafin ya fara.