'Yanci da Hukuma a Ƙasar Madobi, Kura da Bunkure

A ƙarni na 19 ƙasar da ke kudu da birnin Kano, inda Madobi da Kura da Bunkure suke, tana cikin yankunan masarautar da suka fi jama'a da albarkar noma. Masu sarauta da attajirai suna da rumada, inda bayi ke noma hatsi da auduga da baban da marinan Kura ke rini da shi. A lokacin mutum ko dai ɗa ne ko bawa. Bawa kan sami sarari ta hanyar murgu, ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu yana sana'ar kansa, har ya tara abin fansa.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Dokarsu ta haramta cinikin bayi, ta kuma 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901, amma ba a soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936. Kafin nan wani nauyin ya hau kan talaka. A 1907 da 1908 aka tura hakimai su tare a gundumominsu, haraji ya koma na tsabar kuɗi, ga jangali, ga aikin tilas. 'Yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk suna hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki da hakimansa, saboda haka mai karɓar haraji shi ne mai kamawa, shi ne kuma mai ɗaurewa. Wanda aka zalunta bai da inda zai kai kuka.

Wannan ne ya haifi jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Kiranta shi ne sawaba: a ɗauke wa talaka zalunci, a bar shi ya faɗi ra'ayinsa, ya zaɓi mai mulkinsa. Magoya bayanta a ƙauyuka sun sha ɗauri da bulala. Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, amma En'e na nan da ƙarfinta har sai da gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi ya biyo baya a 1976. A 1979 matan Arewa suka jefa ƙuri'a a babban zaɓe karo na farko, a shekarar kuma Gwamna Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali.

Noman rani ya zo da sabon babi. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, aka janyo ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Ginin ya tashi dubban mutane daga gidajensu. A cikin aikin kuma hukuma ta karɓi gonaki, ta baje su, ta sake rabawa, ta matsa wa manoma su shuka alkama da rani. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa duka a hannun gwamna. Duk da haka ruwan ya rage cin rani, domin tumatir da shinkafa da albasa sun ba mutane abin yi a gida, mai abin hannunsa kuwa ba ya saurin rusunawa.

Tarihin yankin ya nuna cewa 'yancin talaka na buƙatar abu biyu daga hukuma: ta ɗauke hannunta daga jikinsa da guminsa, ta kuma yi masa aikin da ba zai iya shi kaɗai ba, kamar madatsa da hanya da kotu mai adalci. Yau manomin Madobi na zaɓen kansila da gwamna, amma ranar sakin ruwa da farashin taki da tabbacin gonarsa na hannun ofisoshi. Gwargwadon yadda ake jin muryarsa a kan waɗannan, gwargwadon 'yancin da ya samu ke nan.