Makankarin Katako da Tsohuwar Gardamar Nauyi

Yaron kafinta da ya tara kuɗin sayen makankarin katako na farko, wanda Faransawa ke kira rabo, yakan tsaya gaban mai kanti yana ɗaga wannan yana ajiye wancan. Mai nauyi zai ɗauka ko marar nauyi? Tambayar nan ta girme mu duka.

Tun zamanin Romawa ake aiki da makankari. An tono waɗansu a Fomfeyi, garin nan na Italiya da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 bayan haihuwar Almasihu. Bayan Romawa, kafintocin Turai sun yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da na itace, ruwan wuƙar ne kaɗai ƙarfe. Ba shi da nauyi, yana sulɓi a bisa katako, mutum ya wuni yana turawa kafaɗarsa ba ta mutu ba.

Wajen 1840 wani mai suna Stewart Spiers, a garin Ayr na ƙasar Sukotlan, ya fara ƙera na ƙarfe da aka cusa wa itace mai tauri a ciki. Masu yin kayan ɗaki na tsada suka so shi ƙwarai, gama nauyinsa yana danne katako mai gardama, ruwan wuƙar ba ya tsalle.

A Amurka kuwa, Leonard Bailey ya fito da na zubin ƙarfe mai sauƙin daidaitawa. A 1869 kamfanin Stanley ya sayi sana'arsa, siffar tasa kuma ita ce ake kwaikwayo har yau. Lamba 4 yana da tsawon inci 9, nauyinsa bai kai kilo 2 ba. A 1884 suka ƙaro lamba 4½, mai faɗi, wanda ya haura kilo 2. Sa'an nan a 1925 suka gwada na alminiyam domin rage nauyi. Wannan bai karɓu ba, gama yakan bar baƙin tabo a jikin katako. A 1935 aka daina yinsa.

Duk wannan lokaci kafintocin Japan ba su bar na itace ba. Su jawo shi suke yi zuwa jikinsu, suna kuwa fitar da ɓawon da ya fi takarda sirantaka.

Mai karatu, ga abin da tarihin ya koya mana. In aikinka rage kaurin katako ne tun safe har la'asar, marar nauyi zai ji tausayin hannunka. In kuwa shafar ƙarshe za ka yi wa maɗaci, mai nauyi zai taimake ka. Amma nauyi bai taɓa gyara dakusasshen ruwan wuƙa ba. Yaron da kuɗinsa na guda ɗaya ne, ya sayi lamba 4, ya rage abin sayen dutsen washi.