Linux a kan kwamfuta: manhajojin da ɗan jarida da ɗan gwagwarmaya ke buƙata

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Ga mai irin wannan na'ura, Linux mafita ce. Babbar manhaja ce ta kyauta wadda kowa ke da ikon duba yadda aka gina ta, kuma Linus Torvalds ne ya fara rubuta ginshiƙinta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Sai dai amfaninta ya danganta ne ga manhajojin da aka ɗora mata, musamman ga wanda ke riƙe da sirrin wasu.

Nau'in da za a fara da shi

Sabon shiga ya fi samun sauƙi da Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, ko Linux Mint wadda fasalinta ya yi kama da na Windows. Ubuntu na fitar da bugu mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu, ana kula da tsaronsa shekara biyar. Idan na'urar ta tsufa, Linux Mint mai tsarin Xfce ba ta da nauyi. Tun a lokacin ɗora babbar manhajar ake zaɓar kulle ma'ajiyar kwamfutar da kalmar sirri, ta yadda ko an sace ta ko an ƙwace ta, ba za a karanta abin da ke ciki ba.

Rubutu da lissafi

LibreOffice, wadda aka kafa a 2010, ita ce madadin Microsoft Office: Writer don rubutu, Calc don tantance alƙaluma irin na kasafin kuɗi, Impress don gabatar da jawabi. Tana buɗe fayilolin Word da Excel, ko da yake tsarin shafi kan ɗan sauya. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kanta. Mai rubutun Hausa kuma ba ya buƙatar wata dabara wajen samun ɓ, ɗ da ƙ, domin akwai tsarin madannai na Hausar Najeriya da na Gana a cikin saitunan Linux.

Hoto, murya da bidiyo

GIMP na gyaran hoto, Inkscape na zanen fosta da tambari, Audacity na tace hirar da aka naɗa, Kdenlive na haɗa bidiyo. OBS Studio na watsa shiri kai tsaye a Facebook ko YouTube, VLC kuwa da wuya a ba ta fayil ɗin sauti ko bidiyo ta kasa buɗewa.

Kare kai da kare majiya

Firefox tare da uBlock Origin na toshe tallace-tallace da masu bibiya, abin da ke rage cin data. KeePassXC na adana kalmomin sirri a cikin fayil guda mai kulle. Signal na da manhajar kwamfuta, amma sai an haɗa ta da asusun waya. Kafin wallafa hoto ko takarda, mat2 na goge ɓoyayyun bayanan da ke iya tona wurin da aka ɗauka ko sunan marubuci. Tor Browser na ɓoye inda mutum yake tare da ƙetare toshiya irin wadda gwamnatin Najeriya ta yi wa Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sai dai tana da jinkiri. Ga aiki mai hatsari akwai Tails, wadda ake tayarwa daga filas ba ta barin sawu a kwamfuta. Edward Snowden ya yi amfani da ita a 2013.

Iyakokinta

Photoshop, Premiere da Microsoft Office ba su da bugun Linux, WhatsApp kuma ta shafinsa na intanet ake shiga. Haka nan babu manhajar da ke maganin katse layukan sadarwa baki ɗaya, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021. Abin da ke taimakawa a irin wannan hali shi ne yawancin manhajojin nan suna aiki ba tare da intanet ba.

Ƙa'ida ɗaya ta fi kowace muhimmanci: a riƙa sauke manhaja daga rumbun babbar manhajar ko shafin masu ita na ainihi, a kuma riƙa sabuntawa a kan lokaci. Manhajar da aka fasa aka raba a kasuwa na iya zuwa da ta leƙen asiri a ɓoye, kuma idan hakan ta faru, majiyar da ta amince ta ba da labari ce ke fara shiga hatsari.