Wikki ya girmi gandun Yankari

Duk wanda ya taɓa gangarawa Wikki, a tsakiyar dajin Yankari, ya san abin: ruwa garai-garai yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa kusan digiri 31, rani da damina. Baƙo na cikin ninƙaya sai ya ɗauka tun fil'azal babu kowa a nan sai giwaye da birai.

Ba haka tarihi ya nuna ba. A 1956 gwamnatin Arewa ta keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun tarayya, a 2006 aka mayar wa jihar Bauchi. Amma tun kafin wannan, mutane sun rayu a ciki. Ga kufan wuraren narka tama, ga rijiyoyin Dukkey, ga kogwannin Marshall da aka fafe a jikin dutse.

Kogwannin suna amsa sunan mai binciken da ya bayyana su, na waɗanda suka fafe su kuwa ya ɓace. In kun je wanka, ku biya ƙauyukan kewaye, ku tambayi dattawa tun suna raye.